Galili na bana: kuɗin dole da anko, ko tukunya ɗaya?

Maman Tagwaye:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Ina fata kowa ya isa gida lafiya bayan sujada. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun da Magatakarda ya karanta sanarwa ɗazu, na ce gara in kawo ta nan a fili da in koma gefe ina ƙunƙuni. An ce fita Galili, wato fitar da ikilisiya take yi don cin abinci da wasanni tare ranar Litinin ɗin Ista, kowane gida zai biya naira 6,000, ga kuma anko, turmi naira 14,000 ban da ɗinki. Ni dai Allah ya rufa mini asiri, zan iya biya. Amma ku dubi benci na baya a ɓangaren mata, ku faɗa mini gida nawa ne zai iya fitar da naira 20,000 a watan nan, ga kuɗin makaranta na zango na uku yana tafe. Bara da motoci suka tashi, waɗanda aka bari a gida su ne gwaurayenmu da 'yan'uwan da rikici ya koro daga garuruwansu. Ba wanda ya hana su zuwa, amma kuma ba wanda ya tambaya ina suke. Shawarata ita ce a soke anko, a soke kuɗin dole, kowa ya kawo abin da yake da shi a zuba a tukunya ɗaya. In na yi ba daidai ba iyaye su gyara mini.

Ma'ajin Kwamiti:
Mama, mun gode. Amma bari in faɗi abin da ke cikin littafin lissafi, domin ni nake riƙe da shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin hayar bas ya wuce hankali. Bas uku muke ɗauka, ga shinkafa, ga nama, ga hayar rumfa da kujeru, ga man janareta don lasifika. Shekarar da muka gwada "kowa ya ba da abin da Ruhu ya bishe shi" sai da muka ci bashin mai bas, kwamiti ne ya yi karo-karo daga aljihu aka biya. Ba mu sa kuɗin nan don mu kori kowa ba. Anko kuma ai an faɗa daga bagade cewa ba dole ba ne.

Maman Tagwaye:
Yaya Ma'aji, a baki ne ba dole ba. Ke ce mace ɗaya da tsohon zane a cikin mata ɗari masu kaya iri ɗaya, ya za ki ji? Ku maza ba za ku gane ba, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Shugaban Matasa:
Iyayenmu, ina roƙo duk abin da za a yanke kada a soke fitar kanta. Ranar nan hutu ce a duk ƙasa, gwamnati tana ba da Jumma'a da Litinin. In ikilisiya ba ta tanadar wa matasa wurin zuwa ba, akwai masu tanadar musu, kuma kun san irin wuraren. A Galili ne yaran da ba sa ko shiga ajin matasa suke zuwa saboda ƙwallo da gasar ayoyi, daga nan muke kama wasu. Biyu daga cikin waɗanda za a yi wa baftisma ranar Asabar ta nan suka fara shigowa.

Mama Tela:
Ni maganar ankon nan ta shafe ni kai tsaye, ba zan ɓoye ba. Ni ma gwauruwa ce. Ɗinkin Kirsimeti da na Ista su ne suke biya mini hayar shago da kuɗin makarantar 'ya'yana. Mu huɗu ne teloli a ikilisiyar nan, uku mazanmu sun rasu. In an soke anko don tausayin gwauraye, a tuna wasu gwaurayen da allura suke ci. Ban ce maganar Maman Tagwaye ba gaskiya ba ce. Na sha ɗinka wa mace anko ta zo karɓa tana roƙona in bari sai ƙarshen wata, na kuma san bashi ta ci ta sayi turmin.

Ɗalibin Tauhidi:
Gaisuwa daga Bukuru, iyayena. Ina bin maganar daga makaranta. Ku ba ni dama in tuna mana 1 Korantiyawa sura 11, wurin da Baba Rabaran yake karantawa duk ranar Jibin Ubangiji. Mukan fara daga aya 23, amma abin da ya sa Bulus ya rubuta wurin yana sama kaɗan. Masu bi a Koranti sukan taru su ci abinci tare, sai masu hali su riga su cinye nasu, wani ya ƙoshi har ya bugu, wani yana zaune da yunwa. Bulus ya ce musu wannan ba Jibin Ubangiji ba ne, ya tambaye su ko raina ikilisiyar Allah suke yi suna kunyata marasa abin hannu. Ya rufe da cewa in sun taru cin abinci su jira juna. Alhamis da yamma za mu ci gurasa ɗaya mu sha ƙoƙo ɗaya, Litinin kuma mu shiga bas mu bar rabin masu shan ƙoƙon a gida. Wannan ne yake damuna.

Ma'ajin Kwamiti:
Ɗana, ni ma ina karanta Littafi. Markus 14 fa? Matar da ta fasa tulun man ƙanshi a Betanya, aka yi ta gunaguni cewa da an sayar fiye da dinari 300 an ba matalauta. Yesu bai goyi bayan masu gunagunin ba. Akwai lokacin da ya dace a kashe kuɗi don murna. Ubangijinmu ya tashi daga matattu, in ba mu yi ado mun ci mai kyau a ranar nan ba, sai yaushe?

Ɗalibin Tauhidi:
Gaskiya ne Baba, murna wajibi ce. Sai dai matar nan a kan Yesu ta zuba man, daga abin hannunta, ba ta yanka wa sauran matan Betanya haraji ba.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ku yi haƙuri da tsawon magana.

A Wusasa aka haife ni, a majami'ar ƙasa ta Bartalamawus Mai Tsarki wadda aka gina a 1929 aka yi mini baftisma. Mahaifina yana saurayi cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Likita Mila da abokan aikinsa suka daɗe a kai. Mutanen wancan zamani ba su da komai, amma ban taɓa jin an ce wani bai yi Ista ba don ba shi da kuɗi. Abin da na tashi na gani shi ne, ranar Lahadi tun da duhu mata suke fita da fitilar ƙwai suna waƙa, domin mata ne suka fara zuwa kabari da sassafe. Mu yara muna biye da su, sanyin asuba yana kaɗa mu. Gari na wayewa mai wa'azi ya ce Almasihu ya tashi, jama'a su amsa da ƙarfi. Ranar Litinin kuma a ƙafa muke tafiya bayan gari mu hau dutse. Wannan ta ɗauko dambu a ƙwarya, waccan ta ɗauko fura, wani ya kawo rake, wani gyaɗa. A shimfiɗa tabarmi a juye komai wuri ɗaya. Ba ka sanin na wa kake ci.

Bas da rumfa da anko duk daga baya suka zo, a idona aka fara su. Ban ce haramun ne ba. Amma mala'ika ya ce wa matan su gaya wa almajirai ya riga su zuwa Galili, can za su gan shi. Dukansu aka kira, har Bitrus da ya yi musun saninsa sau uku, an ma ambaci sunansa daban don kada ya ji kunya ya ƙi zuwa. Ina goyon bayan 'yata Maman Tagwaye. Ku mayar da shi tafiyar ƙafa, ga duwatsu nan bayan makarantar firamare.

Kaftin ɗin Birged:
Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da tsawon rai. Ina jin kunyar saɓa muku, amma ni ne nake tsayawa a ƙofa da na'urar bincike duk Lahadi, dole in yi magana. Zamanin da kuka ba da labari ba shi ne namu ba. Ranar Ista ce, 8 ga Afrilu 2012, bam ya tashi a cikin mota a Kaduna ana tsakiyar sujada a majami'un kusa, mutane da dama suka mutu, da yawansu 'yan acaɓa ne masu neman abinci. A 2019 kuma a Gombe, daren Lahadin Ista, mota ta kutsa cikin jerin gwanon yara 'yan Birged, ƙungiyar yara maza ta ikilisiya, muka yi asarar yara masu irin kayan da nake sawa. Tun daga ranar na yi alkawari ba zan jera yaran mutane a bakin titi ba. Duwatsun da Baba ya ambata sai an tsallake babbar hanya, ranar hutu kuma direbobi gudu suke yi. Bayan duwatsun daji ne, ba mu san wanda ke ciki ba. In za a yi tafiyar ƙafa, ni da yarana ba za mu iya ɗaukar alhakin ran mutum ɗari uku ba.

Baba Dattijo:
Na ji ka ɗana. Mai tsaron ƙofa ya fi ni sanin abin da ke waje. Amma kada tsoro ya zama shi ne fastonmu. Almajirai ma sun kulle ƙofa da yammacin ranar, Ubangiji ya shiga ya same su, bai bar su a kulle ba.

Kaftin ɗin Birged:
Haka ne Baba. Akwai filin makarantar ikilisiya, yana da katanga, yana da itatuwan mangwaro da darbejiya, ƙofa ɗaya ce. Daga majami'a tafiyar minti goma ce ta cikin unguwa, ba a taɓa babban titi. In can ne, zan sa hannu.

Ɗan'uwa daga Legas:
Ina gaida iyaye. Aiki ya hana ni zuwa gida bana, amma zuciyata tana wurinku. Don a taƙaita magana, Ma'aji ya rubuta sunayen duk gidajen da ba za su iya biya ba, ya turo mini. Mu 'yan ikilisiya da ke nan za mu haɗa mu biya musu kuɗin Galili har da anko. Kowa ya je, Mama Tela ta samu ɗinki, bas ya tashi. Ina ganin ta haka ba wanda ya rasa.

Ma'ajin Kwamiti:
Madalla! Ubangiji ya sa albarka, ya mayar da ninki. Ai magana ta ƙare ke nan.

'Yar Michika:
Iyayena da 'yan'uwana, ban saba magana a nan ba, karatu kawai nake yi. Amma tun da ni ce ɗaya daga cikin masu zama a bencin bayan da ake magana, bari in ce wani abu. Yayana na Legas, na gode ƙwarai, Allah ya ga zuciyarka. Amma ina roƙonka kada a rubuta sunana.

Tun watan Satumba na 2014 da Boko Haram suka shiga Michika nake cikin jerin sunaye. Mun gudu Mubi, a ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar ikilisiyarmu ta EYN (Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi. Muka bi daji da duwatsu, maigidana bai fito ba. Ƙanwar mahaifiyata ta ɓulla Kamaru, mu muka isa Yola. Daga ranar sunana yana kan takarda. Takardar masara, takardar bargo, takardar gidan sauro. A kira sunanki da ƙarfi ki fito gaban mutane ki miƙa hannu, wani lokaci a ɗauke ki hoto. Ban raina ba, da abincin nan 'ya'yana suka rayu. Amma a gidanmu ni ce mai dafa wa masu gayya abinci, rumbunmu uku, ba a taɓa Ista ba a yanka akuya a gidanmu ba.

Ista ta 2015 a harabar wata majami'a a Yola ta same mu, muna kwana a azuzuwa. Ba mai zane biyu a cikinmu. Da asuba wata tsohuwa ta ɗauki bokitin roba ta kifa ta fara bugawa a madadin tulu, ta ɗaga waƙar tashin Yesu da harshenmu na Kamwe, matan Margi suka amsa da nasu, sai muka haɗu a Hausa. Mun yi kuka mun yi rawa a lokaci guda. Da rana kowa ya kawo awon da aka ba shi, muka haɗa muka yi tuwo da miyar kuka, ba nama. Ban taɓa sanin ma'anar kabarin da ba kowa a ciki ba kamar ranar, domin kowace mace a wurin tana da wanda ba ta samu ta binne ba.

Bara ban zo Galili ba, gaskiya ne. Ba don ba wanda zai biya mini ba, Mama Fasto ta zo har ɗakina ta ce za ta biya. Na ƙi ne don na gaji da zama wadda ake biya wa. Ina soya ƙosai a bakin tasha, ina da mudu biyu na wake da zan iya bayarwa, ina da hannu, na iya girkin taro. In tukunya ɗaya ce, zan zo tun asuba in hura wuta, in ci da ƙarfina kamar kowa. In jerin sunaye ne, ku yafe mini, zan yi sujadar Lahadi in koma ɗakina.

Maman Tagwaye:
Ƙanwata, kin sa ni hawaye. Ni kaina ban kai nan da tunani ba.

Ɗan'uwa daga Legas:
'Yar'uwa, ki gafarce ni. Maganar sunaye na janye ta. Kuɗin dai yana nan, ku faɗi inda za a sa shi.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama, abin da kika faɗa ya kai ni Yohanna 21, wanda shi ne ainihin abincin Galili. Almajirai sun kwana suna kamun kifi a Tekun Tibariya ba su kama komai ba. Da suka fito gaci sun tarar Yesu ya riga ya hura garwashi, ga kifi a kai ga gurasa. Abincin ya riga ya samu. Duk da haka ya ce su kawo daga cikin kifin da suka kama yanzu, Bitrus ya jawo taru da manyan kifi 153. Bai bukaci nasu ba, amma ya sa nasu a ciki. A Ayyukan Manzanni 6 ma, da aka yi ƙorafin ana manta gwaurayen wani ɓangare wajen rabon abinci, manzanni ba su ce ai ba wanda ya hana su ba. Sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas, aka canza tsarin gaba ɗaya.

Malamar Makarantar Lahadi:
Tun da an buɗe maganar, bari in ƙara wani abu da ya daɗe yana ci mini rai, kuma anko yana ciki. Ku dubi majami'a ranar Jumma'a Mai Kyau. Sujadar kalmomi bakwai na kan gicciye, daga sha biyu zuwa uku, benci rabi babu kowa. Ina matan? Suna shagon tela suna jiran kaya, suna wurin kitso, suna kasuwa. Ranar Lahadi kuwa har waje ake sa kujeru. Yaran ajina sun yi wata guda suna koyon wasan kwaikwayon shari'ar Yesu gaban Bilatus, yaron da ya fito a Saminu Bakurane ya haddace komai, ya ɗauki gicciyen katako da kafinta ya yi mana, ya juyo yana neman mahaifiyarsa a cikin jama'a, ba ta nan. Da na tambaye shi ya ce ta je karɓo anko. Yaran nan suna koyon abin da ya fi muhimmanci daga inda suka ga ƙafafunmu suna zuwa. Ta yaya za su gane murnar Lahadi in ba su zauna da mu cikin baƙin cikin Jumma'a ba?

Mama Tela:
Malama, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ni kaina rabona da sujadar Jumma'a Mai Kyau tun ina amarya, kullum ina kan keke har tsakar daren Asabar. Ranar Lahadi ina zaune a majami'a ina gyangyaɗi.

Uwar Zumunta:
Salama. Na yi shiru ne ina sauraro, domin ni na kawo samfurin atamfar nan gaban kwamiti, kuma da kyakkyawar niyya na kawo. Ga yadda nake gani. Zumuntar Mata tana da zanenta, kowace 'yar Zumunta tana da shi, da shi muke zuwa biki da jana'iza da taron gunduma. Wadda ba ta da shi ma akwai na ajiya a akwatin Zumunta, ba a tambayar kowa dalili. Mu sa shi ranar Lahadi, mu ɗauki tulu da caki mu yi waƙar asuba kamar yadda Baba ya faɗa, ko da a cikin harabar majami'a ne. Litinin kowa ya sa abin da yake da shi, ai wurin girki da ƙwallo ne. Sai dai akwai matsala ɗaya: mun riga mun ba mai atamfa kafin alƙalami, mata kusan talatin kuma sun biya nasu.

Mama Tela:
Waɗanda suka biya a ba su turminsu, su ɗinka lokacin da suka ga dama, ba sai na Ista ba. Ni in an ba mu ɗinkin rigunan 'yan kwaya da aka daɗe ana magana, da kayan makarantar yaran ikilisiya, mu huɗun nan mun samu abin da ya fi anko, kuma ba a mako ɗaya za a tara mana shi ba.

Uwar Zumunta:
Wannan zan kai shi gaban dattawa da bakina. Amma in faɗi gaskiya, akwai matan da za su ji haushi. Wasu shekara guda suke adashi don kayan Ista, shi ne sabon zanensu ɗaya tilo a shekara. Kada mu mayar da su kamar masu zunubi.

Maman Tagwaye:
Ko kaɗan Mama. Wadda take da sabon zane ta sa, ta yi kyau don Ubangijinta. Iri ɗayan ne kawai yake nuna wadda ba ta da shi.

Shugaban Matasa:
In filin makaranta ne, matasa sun ɗauki share fili, ɗebo ruwa da itace, da jera benci daga majami'a, ba sai an yi hayar kujeru ba. Amma a duba maganar zafi. Bana Ista ta faɗo tsakiyar bazara, bara wata yarinya ta suma a filin ƙwallo. Wai me ya sa ranar take yawo ne, wata shekara Maris wata shekara Afrilu?

Ɗalibin Tauhidi:
Da wata ake lissafinta, Shugaba. Tun Majalisar Nikiya a shekara ta 325 aka amince masu bi su riƙa yin ta rana ɗaya, ranar Lahadi. Ƙa'idar da ake bi ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Shi ya sa ba ta sauka kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. A ƙasarmu ko ta ina ta faɗo cikin zafi ne. A fara da wuri, a yi ƙwallo kafin goma ko bayan la'asar, a tanadi randuna a gindin mangwaro.

Wata Ma'aikaciyar Jinya:
Ina goyon bayan wannan. Lokacin sanƙarau ne kuma, cusa yara a bas mai zafi tagogi a rufe ba alheri ba ne. Zan zo da akwatin taimakon gaggawa da gishirin zawo. Zoɓo da kunun aya a yi su da tafasasshen ruwa don Allah, kunun aya kuma kada a haɗa shi tun dare, ba ya jure zafi.

Baba Dattijo:
Abu ɗaya kada a manta. In za a yi a cikin unguwa, maƙwabtanmu Musulmi za su ji kiɗa, za su ji ƙanshi. A je a gaida Mai Unguwa tun kafin ranar, a faɗa masa. A sa mahaucin unguwa ya yanka abin da za a yanka, don kowa ya iya ci. A fitar da kwanon maƙwabta kafin a fara rabo, kamar yadda suke aiko mana da naman layya. A 2024 da Ista ta faɗo cikin azuminsu, matan gidana sai da suka jira magariba suka kai. A kashe lasifika in an kira salla.

Ma'ajin Kwamiti:
To. Na karanta duka, maganar 'yar'uwarmu ta Michika kuma ta shige ni, ba zan yi musu ba. In babu bas, babu rumfa, babu kujeru, fiye da rabin kuɗin ya fita. Amma ina nan a kan tsorona. "Kowa ya kawo abin da yake da shi" yana da daɗin faɗi, ranar kuma sai ka ga mudu goma na shinkafa da baki ɗari uku, masu hali su ne za su fara zuwa hannu biyu. In abinci ya kasa, Ma'aji za a kalla. Ina so a sa ranar ƙarshe ta kawo kaya, Lahadin Dabino, don in san abin da ke ƙasa tun da sauran mako guda. Abin da ya rage a cike da kuɗin 'yan Legas, a sayi nama da mai da shi.

'Yar Michika:
Baba Ma'aji, a ajiye buhuna a ɗakin ajiya, kowa ya shiga shi kaɗai ya juye nasa, kada a rubuta wa ya kawo me. Kai dai ka auna jimla.

Ma'ajin Kwamiti:
Ba rubutu ke nan? Ni da aka ba amanar lissafi? To, zan rubuta jimlar mudu kawai. Amma kuɗi dole in ba da rasit, wannan ba zan bari ba.

Kaftin ɗin Birged:
Ni kuma ina da sharaɗi: ba a shiga da babur ko mota cikin filin, ƙofa ɗaya, a tashi kafin biyar. Zan sanar da ofishin 'yan sanda na yankinmu a rubuce kamar yadda muka saba. Waƙar asubar Lahadi a cikin katangar majami'a, ba zagaya gari.

Baba Dattijo:
Katangar ba ta yi mini daɗi ba, amma na yarda bana. Baɗi in muna raye za mu sake magana.

Mama Fasto:
Salama a gare ku duka. Na karanta wa Baba Rabaran tun daga farko. Ya ce nan ba wurin yanke hukunci ba ne, sanarwar da aka yi daga bagade dattawa ne kaɗai za su iya canza ta. Za su zauna ranar Laraba bayan addu'ar yamma. Yana so Maman Tagwaye, Ma'aji, Uwar Zumunta, Kaftin da Shugaban Matasa su zo. 'Yata ta Michika, ya ce in kin yarda ke ma ki zo, in ba ki so ba wanda zai matsa miki. Waɗanda suka riga suka biya naira 6,000 su dakata, kada kowa ya je wa Ma'aji neman kuɗinsa kafin Laraba.

'Yar Michika:
Zan zo Mama, amma sai na tashi daga tasha, wajen shida da rabi.

Uwar Zumunta:
Manyan tukwanen Zumunta biyu suna gidan da aka yi biki makon jiya, ɗaya kuma gindinta ya huje. Shugaban Matasa, ka turo yara biyu gobe su ɗauko, a kai mai hujin wurin maƙeri kafin dattawa su zauna.